Kauce wa Faɗawa Ruwa a Tafiyar Jirgi da Dabarun Tsira

Gabatarwa

Kalmar jirgi tsohuwar kalma ce a Hausa. Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya san jirgi, kuma abin da yake nufi da shi shi ne gungumen itacen da aka fafe, ana shiga cikinsa a ƙetare kogi. Daga baya ne, da sababbin abubuwan hawa suka zo, ma'anar kalmar ta faɗaɗa aka sami jirgin ƙasa da jirgin sama, har ya zama dole a riƙa cewa jirgin ruwa domin a bambance na asali daga waɗanda suka ari sunansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hulɗar Bahaushe da ruwa ba ta yau ba ce, ko da yake akan yi masa kallon mutumin tudu. Akwai Sarkawa, waɗanda su da fito ne sana'arsu ta gado, sun taso daga ƙasar Kabi sun bazu a gaɓar Kogin Kwara da Binuwai. Akwai sarautar Sarkin Ruwa a garuruwan bakin kogi, akwai kuma wasannin kabanci da ake yi a lokacin bikin kamun kifi na Argungu, bikin da ya samo asali a shekarar 1934.

Sai dai mafi yawan masu shiga jirgi a yau ba 'yan ruwa ba ne. 'Yan kasuwa ne, da manoman da gonakinsu ke ƙetare, da mata masu zuwa biki ko suna, da yara 'yan makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a faɗin duniya a shekarar 2021, kuma a wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli ta zama ranar faɗakarwa kan nutsewa. A watan Mayu na shekarar, wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kan hanyarsa ta zuwa Wara, cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen watan Nuwamba kuma wani jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Irin waɗannan su ake ji a rediyo. Wanda ya zame shi kaɗai daga bakin kwalekwale, ruwa ya tafi da shi, labarinsa ba ya wuce ƙauyensu. Ko jirgi ne ya kife gaba ɗaya, ko mutum ɗaya ne ya faɗa, ƙarshen abin guda ne, wato mutum ya sami kansa cikin ruwa bai shirya ba. Yawancin abubuwan da ke jawo hakan kuwa tun daga gaɓa ake iya ganinsu da ido.

Halin Ruwan da Ake Bi

Ruwan Arewa ba iri ɗaya ba ne. Kogin Kwara, a yankin Yawuri, cika biyu yake yi a shekara. Ta farko da damina ce, daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwan saman yankin ke gangarowa da laka, ya yi gurɓatacce. Ta biyu kuwa da hunturu take zuwa, sa'ad da ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ya iso bayan ya daɗe yana ratsa fadamun ƙasar Mali. Saboda haka baƙon da ya ɗauka rani ya yi, kogi ya ja baya, yana iya tarar da shi maƙil a watan Janairu.

Tafki kuma halinsa daban. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye gonaki da dazuzzuka da tsofaffin garuruwa, aka sake wa mutum kimanin 44,000 matsuguni. Tafkin da ya samu ya haura kilomita 20 a wurin da ya fi faɗi, ga kuma kututturan itatuwa a ƙarƙashinsa, waɗanda ba a ganinsu sai ruwa ya ja. A irin wannan sarari iska ba ta da shamaki, cikin ɗan lokaci sai ta tayar da igiyar ruwan da ta fi ƙarfin kwalekwale. A fadamun Haɗeja da Nguru kuma ciyawar kacalla ce ke toshe hanya, wani wurin kainuwa ta rufe fuskar ruwa, ta naɗe farfelar inji, jirgi ya tsaya cak a tsakiya.

A nan ya dace ɗalibin Hausa ya lura da kalmomi biyu da ake yawan caɓawa a rubutu. Hadari, da d mara lanƙwasa, shi ne gajimaren da ke haɗuwa kafin ruwan sama. Haɗari, da ɗ mai lanƙwasa, wanda wasu ke cewa hatsari, aro ne daga Larabci, yana nufin abin da ke iya halakarwa. A tudu kalmomin ba su da dangantaka, amma a tsakiyar tafki na farkon shi ke haifar da na biyun, domin iskar da ke gaban hadari ita ce ta fi kowace iska tayar da ruwa. Matuƙin da ya ga gabas ta yi baƙi ya ce sai an jira, bai yi ragwanci ba.

Yadda Mutum Ke Faɗawa

Jirgi yana tsayawa daidai a kan ruwa ne muddin nauyin da ke cikinsa na ƙasa-ƙasa, kuma a tsakiya. Da zarar nauyi ya yi sama, ƙaramin motsi ya isa ya karkata shi. Mutum a zaune a ƙasan kwalekwale kamar dutse ne a gindin tulu. Idan ya miƙe tsaye, nauyin jikinsa ya tashi sama da bakin jirgin, wanda da ƙyar yake kai masa gwiwa, ba abin da zai tare shi in ya yi tangaɗi. Wannan ne ya sa zama a kan tulin buhuna, ko a kan babur ɗin da aka ɗora, ko a gefen bakin jirgi, ya fi kowane zama muni, ko da yake samari sun fi son sa saboda iska da kallo.

Abu na biyu shi ne lodi. Kowane jirgi yana da tazara tsakanin bakinsa da fuskar ruwa, kuma wannan tazarar ita ce dukan jarin masu tafiya. Duk buhun da aka ƙara sai ta ragu. Idan ta kai mutum yana zaune yana taɓa ruwa da yatsu ba tare da ya sunkuya ba, to ƙaramar igiyar ruwa ma za ta iya tsallakowa ciki. Ruwan da ya shigo kuwa ya fi kaya illa. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, ga shi ba ya zama wuri ɗaya kamar buhu, duk inda jirgi ya karkata can yake malalawa, ya ƙara danna shi. Don haka yaron da ke zaune da gwangwani yana kwarfe ruwa, aikinsa bai gaza na mai riƙe da inji ba. Fasinjan da ya ga ana kwarfa ba hutawa tun jirgi yana gaɓa, ya riga ya ga alamar da ta ishe shi.

Sauran dalilan ƙanana ne, har mutum ya yi mamakin a ce su ke kisa. Iska ta ɗauke wa dattijo hula, ya miƙa hannu zai cafko ta. Wani ya sunkuya zai ɗebi ruwan alwala, wani ya matsa gefe zai yi fitsari, yarinya ta tsoma hannu tana wasa da ruwa. Wani jirgi mai inji ya wuce a guje, igiyar da ya bari ta bugo. Wani ya hango dorina ya yi ihu, kowa ya ruga gefe ɗaya. Lokacin shiga da na sauka ma suna da nasu rabo, domin a nan ne ake turereniya, ƙafa ɗaya a jirgi ɗaya a gaɓa, jirgin kuma yana ja da baya. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: a shiga ɗaya bayan ɗaya, a duƙe, a taka tsakiyar jirgi, a riƙe gefensa da hannu, kada kowa ya tashi sai an ɗaure shi.

Matuƙan teku, musamman masu jiragen da iska ke turawa da filafili, sun daɗe da mayar da wannan al'amari darasi. Jirginsu a karkace yake tafiya, benensa a jiƙe, kuma sandar da ke ƙasan filafilin takan juyo ba zato ta make mutum ta jefa shi ruwa. Shi ya sa suke koya wa sabon shiga cewa hannu ɗaya na aiki ne, ɗayan na riƙo, kuma da dare ko lokacin iska sukan ɗaure ƙirjinsu da ɗamara mai gajeriyar igiya da ke maƙale da jikin jirgi. Ɗaure kai ba ya dacewa da kwalekwale, domin shi kifewa yake yi, wanda aka ɗaure zai maƙale a ƙarƙashinsa. Amma darasin hannun riƙo ya shafi kowa. Matar da ta shiga da yaro a hannu ɗaya, ƙullin kaya a ɗayan, ba ta bar wa kanta komai ba.

Dare yana ninka duk abin da aka ambata. Matuƙi ba ya ganin kututture, in wani ya faɗa ba a ganin inda yake, mutanen gaɓa kuma sun yi barci. Jirgin da ya kife a yankin Patigi na Jihar Kwara a watan Yuni na 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu, da dare ya ɗauko masu dawowa daga biki. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka fi sani da NIWA, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Dokar na nan, amma mashigai sun fi jami'ai yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa a mafi yawan wurare fasinja ne jami'in kansa.

Iyo da Rigar Kariya

Da yawa sukan ƙi sa rigar kariya da hujjar sun iya iyo. Hausawa kuwa sun ce ruwa kan ci gwani. Wanda ya tuɓe ya shiga kududdufi da niyya daban yake da wanda ya faɗa da ka, da tufafinsa, wataƙila ya bugu da gefen jirgi, ya shaƙi ruwa tun a faɗuwar farko. Babbar riga da zane da dogon hijabi ba sa jan mutum ƙasa kamar dutse, yadda wasu ke zato, sai dai suna naɗe hannu da ƙafa, ruwa mai gudu ya cika su ya ja, sa'annan su yi nauyi ƙwarai lokacin da ake ƙoƙarin fitowa. Naɗe babbar riga a ajiye kafin a shiga jirgi bai rage wa kowa daraja ba. Ga kuma masu nutsewa da ke kusa, waɗanda kan ƙanƙame duk wanda suka samu, gwani ya tafi tare da su.

Masunta ma, da suka fi kowa sanin ruwa, ba su dogara ga iyo kaɗai ba. Wanda ya kalli kamun kifi a Matan Fada zai ga kowane masunci da homa a hannu da ƙaton gora, yana kifa ciki a kansa yana shawagi. Goran nan shi ne rigar kariyar gargajiya. Bambancin ta zamani shi ne ba ta buƙatar riƙo, tana tallafe mutum ko hannuwansa sun gaji, mai kyau daga cikinsu ma takan juya fuskar wanda ya suma ta kalli sama.

Amma sai an sa ta daidai take aiki. Rigar da aka zauna a kanta, ko aka rataya a wuya ba a ɗaure ba, ruwa zai fizge ta a faɗuwar farko. A ɗaure dukan maɗaurai, sa'annan wani ya kama kafaɗun rigar ya ja sama. In ta taso har ta rufe kunnuwa, ta yi yawa. Rigar babba ba ta yi wa yaro, domin zamewa zai yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Batun goyo kuma yana buƙatar tunani. Uwar da ta faɗa ruwa da jariri a baya, duk lokacin da ta ɗago fuskarta ta kwanta rigingine don ta sami iska, jaririn ne a ƙasa. Ya fi dacewa a kwance goyo a rungume yaro a cinya, uwar na zaune a tsakiyar jirgi. Inda babu riga sam, jarka mai murfi da ba komai a ciki, an ɗaura mata igiya, ta fi babu, kuma ba jirgin da ya kamata ya tashi ba tare da biyu ko uku a inda hannu zai kai ba.

Idan Mutum Ya Faɗa

Wanda ya faɗa, babban abokin gabansa firgici ne. Jiki yakan so ya yi ta bugun ruwa yana neman miƙewa tsaye, wannan kuwa shi ke ƙarar da ƙarfi. Abin da ya kamata shi ne ya rufe baki, ya kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ya buɗe hannuwa da ƙafafu, ya jira numfashinsa ya daidaita. Huhun da ke cike da iska shi kansa gora ne. A kogi kada ya yi jayayya da ruwa, ya bi shi yana karkatowa gaɓa a hankali, ƙafafunsa a gaba saboda duwatsu. In jirgi ne ya kife, ya riƙe shi, domin jirgin katako sau da yawa yakan ci gaba da shawagi, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Gaɓa kullum ta fi yadda ido ke nunawa nisa.

Su kuma na cikin jirgi su sani cewa mai nutsewa ba safai yake ihu ba. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ɗan lokacin da ya samu na shaƙar iska ne, kuma wannan fafutukar ba ta cika wuce minti ɗaya ba. Wanda ya fara gani shi zai yi shela, sa'annan ya kafa masa ido yana nuna shi da hannu, kada ya waiga ko sau ɗaya, domin kan mutum a cikin igiyar ruwa bai fi ƙwarya ba, in ya ɓace wa ido da wuya a sake samunsa. Nan take a jefa masa jarka ko gora ko duk abin da ke shawagi. Sauran fasinjoji su zauna inda suke. Wannan shi ne mafi wuya, musamman ga dangi, amma rugawa gefe ɗaya kan mayar da asarar rai ɗaya ta zama ta jirgi guda.

Matuƙi ya kawar da gindin jirgi daga wajen mutumin saboda farfela, ya zagayo ya tunkare shi ta ƙasan ruwa, wato yana fuskantar gudun ruwan, domin ta haka ne zai iya tsayar da jirgi kusa da shi ba tare da ya bi ta kansa ba. In an matso a kashe inji, a miƙa masa sandar tuƙi ko igiya. A ƙaramin kwalekwale ta goshi ko ta gindi ake jawo mutum, in kuwa dole ta gefe ne, sai wasu su karkata ɗaya gefen su daidaita nauyi. Faɗawa ruwa don ceto shi ne mataki na ƙarshe, kuma na wanda ya ƙware ne, shi ma da abin shawagi a hannu wanda zai miƙa tsakaninsa da mai nutsewa.

Bayan an tsamo shi, al'adar da aka saba ita ce a danna masa ciki, ko a ɗaga ƙafafunsa sama wai ruwa ya fita. Likitoci sun hana wannan, domin ɓata lokaci ne, kuma yakan jawo amai ya koma hanyar numfashi. Rashin iska ne ke kisa, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki har ƙirji ya taso, sa'annan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2, a ci gaba har ya farfaɗo ko taimako ya zo. In yana numfashi, a juya shi gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi a lulluɓe shi. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin wahalar numfashi tana iya tasowa bayan wasu sa'o'i.

Matsayin Malami

Ɗalibin da ke wannan kwaleji bai san inda za a tura shi aiki ba. Yana iya samun kansa a Yawuri ko Shagunu ko wani ƙauye a fadamun Haɗeja, inda rabin ajinsa sai sun yi fito suke zuwa makaranta da damina. A irin wannan wuri darasin Hausa kansa kafa ce. Ana iya gina insha'i da auna fahimta da wasan kwaikwayo a kan fito, a gayyaci Sarkin Ruwa ko wani tsohon masunci ya zo aji ya bayyana alamun iska da sunayen sassan jirgi, yara su rubuta. Ta haka an adana kalmomin da ke neman ɓacewa, an kuma koyar da abin da zai yi amfani. Yadda ake ɗaura rigar kariya da yadda ake jefa jarka mai igiya kuwa, a filin makaranta ma ana iya gwada su, ba sai an je kogi ba.

Nauyin ya fi girma ranar da malami ya jagoranci yara zuwa musabaƙa ko Mauludi ko wasanni a ƙetare. Shi zai ƙirga su a gaɓa ya rubuta sunayensu, ya zaunar da ƙanana a tsakiya, ya raba manya gaba da baya. Mai jirgi zai ce saura wuri, iyaye za su ce rana na faɗuwa, yara za su ƙosa. In bakin jirgi ya kusa ruwa, sai malami ya raba yaran sahu biyu, ya biya kuɗin fito sau biyu, in kuma magariba ta yi kafin sahu na biyu, su kwana a gidan mai gari su ƙetare da safe.